Kwana Biyu a Gandun Hustai: Sharhi Kan Hidimar Kai Baƙi Kallon Dawakin Jeji a Mongoliya

A ƙarshen watan Yuni wani aiki da ya shafi lafiyar dabbobin kiwo ya kai ni Ulanbator, babban birnin Mongoliya, kuma da aka kammala sai na ga ina da ragowar kwana uku kafin jirgin da zai dawo da ni gida. Na yanke shawarar in yi biyu daga cikinsu a gandun dajin Hustai, wanda ke da nisan kimanin kilomita 100 yamma da birnin, domin in ga dokin jejin da Mongolawa suke kira takhi. Ana furta sunan ne da harafin nan na maƙogwaro irin na Larabci, don haka kada mai karatu ya rikita shi da takin gona. Na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na cikin birnin, wanda ba zan kama sunansa ba, kuma abin da aka rubuta mini a takardar yarjejeniya shi ne mota da direba, da jagora mai jin Turanci, da kuɗin shiga gandu, da kwana ɗaya a ɗakin makiyaya, da abinci sau huɗu. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai lissafi da naira, saboda haka na tafi da niyyar in auna kowace ɗaya daga cikin waɗannan alkawura.

Direban ya iso masaukina a kan lokaci da wata mota ƙirar Land Cruiser wadda ta sha jiki amma injinta lafiya lau. Mafi yawan tafiyar a kan kwalta ce, sai 'yan kilomitocin ƙarshe da aka ratse zuwa hanyar ƙasa, kuma cunkoson fita daga Ulanbator ya ci mana lokaci fiye da yadda jejin ya ci. Ba ni da abin cewa a kan wannan ɓangare face ya tafi daidai.

Jagorar, wata matashiya ce da ta karanta ilimin halittu a jami'a kuma take wannan aiki a watannin zafi, ita ce mafi darajar abin da kuɗina ya saya. Tun a mota take kirana "akh", wato yaya, kamar yadda suke girmama namijin da ya girme su, kuma ba ta yi mini irin haddar nan da wasu jagorori suke zubo wa baƙo ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Da muka isa ƙofar gandun ta shigar da ni ɗakin bayani inda ake nuna taswira da hotuna da ɗan gajeren fim, sannan ta zaunar da ni ta tsara mini tarihin. Ta ce dokin ya samu sunansa na Turawa ne daga Nikolai Przewalski, wani hafsan sojan Rasha mai yawon bincike wanda ya kai ƙoƙon kai da fatar dabbar zuwa ƙasarsa, aka kuma bayyana ta a matsayin jinsi na daban a 1881. Abin da ya biyo bayan wannan shahara bai yi wa dokin daɗi ba, domin a farkon ƙarni na 20 dillalan namun daji, cikinsu har da Bajamushen nan Carl Hagenbeck, sun yi ta aika mutane su kamo 'yan dukusai, wanda sau da yawa sai an harbe manyan garken kafin a iya kama su, kuma da dama daga cikin waɗanda aka kama sun mutu a hanya. Farauta da ƙwace wuraren shan ruwa da dabbobin gida suka yi da munanan lokutan sanyi suka ƙarasa sauran, har aka yi wa takhi ganin ƙarshe a jeji a 1969 a yankin hamadar Gobi da ke kudu maso yammacin ƙasar.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a matsayina na wanda ya san illar barbarar 'yan uwa a garke, shi ne cewa duk takhin da ke numfashi a duniya yau, kimanin 2,000, sun fito ne daga tsatson dawakai wajen goma sha biyu da aka kamo daga jeji. Bayan yaƙin duniya na biyu kusan 31 kaɗai suka rage a gidajen namun daji, galibinsu a biranen Munik da Prag na Turai, kuma gidan namun daji na Prag ne yake riƙe da kundin asalinsu tun 1959, inda ake rubuta uwa da uban kowane dukushi domin a san wanda za a haɗa da wa. Wasu ma'aurata 'yan ƙasar Holan, Jan da Inge Bouman, suka kafa gidauniya a 1977 da nufin mayar da dokin ƙasarsa, suka fara sakin dawakan a manyan filaye masu shinge a Turai don su koyi zaman garke da neman abinci da kansu. A 1992 aka sauke rukunin farko a Hustai, kuma zuwa shekarar 2000 an kawo 84. Yanzu ana lissafin na wannan gandu da ɗaruruwa, kuma duk waɗanda muka gani a can aka haife su.

Na gwada jagorar da wata tambaya da na san tana da ƙaiƙayi. A 2018 wani binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa mai yiwuwa takhi jikokin dawakin da mutanen Botai na arewacin Kazakistan suka taɓa kiwo ne shekaru dubbai da suka wuce, wato ba tsantsar dokin jeji ba ne kamar yadda takardun talla suke kururutawa. Ba ta kauce wa maganar ba, ta ce ta san binciken, ta kuma san cewa wasu masana sun yi jayayya da shi daga baya a kan ko mutanen Botai kiwon dawakin suka yi ko farautarsu, sannan ta ƙara da cewa abin da babu gardama a kansa shi ne takhi yana da ƙwayoyin gado na kuromosom 66 alhali dokin gida yana da 64. Jagorar da za ta iya faɗa wa baƙon da ya biya kuɗi cewa kirarin hajarta yana da ja a kansa ta cancanci a yarda da sauran maganganunta.

Ba a fita neman dawakan da tsakar rana, domin a lokacin suna kan tuddai inda iska take kore musu ƙudaje, sai yamma ta yi suke gangarowa kwari shan ruwa. Rana kuwa a can a watan Yuni ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, saboda haka muka yi la'asar muna zagaya wasu sassan gandun, wanda faɗinsa ya kai hekta dubu 50 da ɗoriya. Ƙasar tuddai ce masu laushin gangara, ciyawa gajera ta rufe su, iska kuma tana ɗauke da ƙamshin wani ɗan tsiro mai kama da tazargade. A gefen tuddan da ke kallon arewa, inda rana ba ta dukan ƙasa sosai kuma danshi yake daɗewa, akwai ƙananan kurmi na wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira hus, wadda daga gare ta ne wurin ya samu sunansa. Jagorar ta tsayar da mota ta nuna mini yadda da yawa daga cikin bishiyoyin suka bushe a tsaye, ta ce fari da ƙwari suna kashe manyan, yayin da manyan barewin nan masu ƙaho mai rassa, waɗanda suka yawaita tun da aka hana farauta, suke cinye ƙananan kafin su tasa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin kāre wata dabba ya zama nauyi a kan wata bishiya, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoye mini hakan ba.

A ko'ina cikin kwarin akwai ramukan wata dabba da suke kira tarbaga, mai siffar kurege amma ta fi gafiya girma nesa ba kusa ba, tana tsayawa da ƙafafun baya a bakin rami tana fito idan ta hango mutum. Ita ma tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, saboda an yi mata mummunar farauta domin fata da nama, kuma a wajen gandun da wuya ka gan ta da yawa haka. An gargaɗe ni kada in kusanci ramukan ko in taɓa mushenta, domin ƙumar jikinta tana ɗauke da cutar annoba wadda har yanzu takan kashe mutane jefi-jefi a ƙasar. Mun kuma ga wata baƙar ungulu mai girman gaske tana shawagi, da gaggafa guda a kan dutse. Kerkeci da kyanwar jejin nan mai kaurin gashi suna cikin gandun, amma ban gan su ba, kuma kamfanin bai yi mini alkawarin zan gan su ba.

Wajen ƙarfe bakwai muka tsaya a bakin wani kwari inda wani ma'aikacin gandu yake zaune a kan babur da madubin hangen nesa a wuyansa. Shi ya nuna mana inda za mu zauna, a bayan wasu duwatsu, da tazara mai yawa tsakaninmu da ƙoramar. Mun yi kusan minti arba'in babu abin da ya motsa sai tarbaga, har na fara tunanin kuɗina, sannan garken ya ɓullo daga bayan tudu a jere, wata tsohuwar goɗiya a gaba, sauran goɗiyoyi da dukusai biyu a tsakiya, ingarman yana baya yana tsayawa yana waiwaye. Duk wanda ya tashi yana ganin dawakin hawan sallah, dogaye masu siririn wuya da aka yi wa kwalliya, zai ɗan yi turus da ganin takhi, domin gajere ne kakkaura, mai babban kai da ɗan gajeren wuya, launinsa tsakanin gunya da jar ƙasa, bakinsa da cikinsa fari-fari, ƙafafunsa baƙaƙe, ga wani baƙin layi da ya bi gadon bayansa har wutsiya. Gezarsa a tsaye take cak kamar an yi mata aski, babu gashin da ke zubowa a goshi. Da farko idona ya ce mini alfadari ne, amma da ingarman ya hango wasu samarin dawaki uku da ba su da garke sun matso kusa da goɗiyoyinsa, ya sunkuyar da kai ya kwantar da kunnuwa ya nufe su a guje, sai na ga abin da ban taɓa gani a wurin dokin da ya san linzami ba. Wannan dabba ba ta san sirdi ba, kuma ana ganin hakan a tafiyarta.

Kamfanin ya ba ni aron madubin hangen nesa mai kyau, jagorar kuma ta kafa wani babba mai ƙafa uku, wanda ta cikinsa na ga har ƙudajen da ke kan idon dukushi. Wannan tanadi shi ne ya sa tazarar ba ta dame ni ba, kuma ina ganin duk kamfanin da zai kai mutum can ba tare da irin wannan madubi ba yana tura shi ne ya karya doka, domin wanda bai gani da kyau ba zai so ya matsa. Ta bayyana mini cewa ma'aikatan suna bin garkunan kullum suna rubuta inda suke da adadinsu da haihuwa da mutuwa, cewa kerkeci yana kashe dukusai da dama kowace shekara kuma ba a hana shi tunda shi ma ɗan gida ne, sannan babban abin tsoro shi ne cuɗanya da dawakin makiyaya, saboda cututtuka irin wanda kaska take yaɗawa da kuma barbara, tunda ɗan da aka haifa tsakanin takhi da dokin gida shi ma yana haihuwa, kuma ta haka jinin da aka sha wahalar tsarewa zai iya narkewa a hankali.

A nan ne zan kawo ƙorafina na farko. A hanyar komawa direban ya hango wani garke a gefen tudu, kuma don ya faranta mini sai ya saki hanya ya hau kan ciyawa ya nufe su. Jagorar ta yi masa magana da harshensu da kakkausar murya, ya juyo, amma sawun tayoyin ya riga ya kwanta a kan ciyawar. Dokar gandun a fili take cewa mota ba ta barin hanya, kuma duk wanda ya ga yadda hanyoyin mota barkatai suka yi wa filayen Mongoliya zane ya san dalili, domin ciyawar wannan ƙasa mai ƙarancin ruwan sama da gajeren lokacin tsiro tana daɗewa ba ta farfaɗo ba. Ban ɗora laifin a kan direban shi kaɗai ba, tunda a bayyane yake cewa ya saba da baƙin da suke ba shi tukwici idan ya matsar da su. Kamfanin da yake tallata kansa da sunan kāre muhalli ya kamata ya horar da direbobinsa kamar yadda ya zaɓi jagororinsa.

Masaukin yana wajen iyakar gandun, wani sansani ne mai zaman kansa da kamfanin yake hulɗa da shi. Ɗakin shi ne ger, zagayayyen ɗakin makiyaya da ake kafawa da sandunan katako a lulluɓe da matsattsen gashin tumaki, mai murhun ƙarfe a tsakiya da bututun hayaƙi da ya fita ta saman rufi. Yana da tsabta, barguna sun wadata, kuma da asuba wani yaro ya shigo ya hura wuta, abin da na gode masa ƙwarai domin sanyin daren Yuni a can ya fi na tsakiyar hunturunmu. Ƙofar ger kullum kudu take kallo, alƙibla kuwa daga wannan yanki kusan yamma take sak, don haka mai salla ba ya buƙatar na'ura, da ya shiga sai ya fuskanci hagunsa, wanda kuma shi ne ɓangaren da al'adarsu ta keɓe wa baƙi. Banɗaki da wurin wanka suna wani gini daban, ruwan zafi yana zuwa na 'yan sa'o'i da yamma, kuma babu buta, sai da na yanke gorar ruwa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko shafata kai tsaye. Tun lokacin biyan kuɗi na rubuta musu cewa ni Musulmi ne kuma ba na cin naman da ba a yanka ba, suka amsa cewa babu matsala. Da aka kawo abincin dare sai ga buz, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa naman tunkiya aka turara, kuma da na tambaya sai na gane saƙona bai taɓa isa ɗakin girki ba. A al'adar makiyayan Mongoliya ba a yanka tunkiya a wuya, ana ɗan tsaga cikinta ne a sa hannu a tsinke babbar jijiyar jini don kada jini ya zuba ƙasa, saboda haka ba wani abu ne da za a yi shakka a kansa ba. Masu girkin sun yi iya ƙoƙarinsu, suka soya mini ƙwai da dankali, na haɗa da burodi da shayinsu na madara mai gishiri, kuma haka na ci har sau uku. An kuma miƙo mini airag, nonon goɗiya da aka tsimar, wanda yake da ɗan maye, na karɓi ƙwaryar da hannun dama don girmamawa na mayar ba tare da na sha ba, kuma babu wanda ya ɓata rai. Akwai gidajen abinci na halal a Ulanbator, tunda ƙasar tana da Musulmi 'yan ƙabilar Kazak, don haka da kamfanin ya gaya mini gaskiya da na yi guzuri daga birni.

Washegari da safe muka gangara kudu wajen kogin Tuul, muka tsaya a Ongot inda gumakan duwatsu masu siffar mutane na zamanin daulolin Turkawa suke tsaye a fili, sannan muka ziyarci wani gidan makiyaya a yankin da ke kewaye da gandun. Wannan ziyara, wadda na ɗauka ta cike lokaci ce kawai, ita ta fahimtar da ni ainihin aikin. Da ido ake ganin iyakar gandun ko da babu shinge, domin a ciki ciyawa tana rufe ƙasa, a waje kuwa an kwashe ta har ƙasa tana nunawa. Bayan rushewar tsarin kiwo na gwamnati a farkon shekarun 1990 dabbobin ƙasar sun ƙaru daga kimanin miliyan 25 zuwa kusan miliyan 70 a 2019, kuma awaki, waɗanda ake kiwo domin lallausan gashinsu mai tsada, sun yi yawa a cikinsu. Idan aka yi zud, wato mugun sanyin da ƙanƙara take rufe ciyawa, dabbobi suna mutuwa da miliyoyi, kamar yadda aka yi asarar fiye da miliyan 7 a sanyin 2023 zuwa 2024, kuma zud na 2009 zuwa 2010 ya kashe fiye da rabin takhin da ke wani wurin sakin na daban a hamadar Gobi. Makiyayin da yake kallon dabbobinsa suna ramewa alhali ga ciyawa can a tsallaken iyaka an tanade ta domin dokin da ba a hawa ba a tatsa, yana da hujjar da ba za a raina ba, kuma duk wanda ya san rikicin burtali da makiyaya a ƙasarmu zai gane zafin maganar.

Tun 2003 wata ƙungiya mai zaman kanta ce take gudanar da Hustai bisa yarjejeniya da gwamnati, kuma kuɗin baƙi yana cikin abin da take biyan ma'aikata da shi, tana kuma tallafa wa makiyayan gundumomi uku da ke kewaye, Altanbulag da Argalant da Bayankhangai, domin su ga amfanin zaman gandun. Wurin ya zama cikakken gandun ƙasa a 1998, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 2002, kuma nasarar da aka samu a nan da sauran wuraren sakin ta sa aka cire takhi daga jerin dabbobin da suka ƙare a jeji a 2008. Irin wannan hanya ce aka bi a Cadi, inda tun 2016 ake mayar da mariri jejin Wadi Rime da Wadi Ashim daga garkunan da aka tsare a ƙasashen waje, kuma can ma makomar aikin tana hannun makiyayan da suke raba ciyawa da ruwa da dabbar.

Hukuncina a kan hidimar shi ne ta cancanci kuɗinta saboda jagorar da madubin da kuma tsarin lokaci, domin masu zuwa su koma a yini ɗaya sukan iso da rana tsaka su juya kafin dawakan su sauko, ko su gan su kamar ɗigo a kan tudu. Wanda zai je ya nemi kwana ɗaya aƙalla, ya tambayi kamfani a rubuce ko kuɗin shiga gandu yana cikin farashi da kuma ko za a ba shi madubin hangen nesa, ya ɗauki rigar sanyi ko da a Yuli ne, ya sayi guzurinsa na halal a birni kada ya dogara da alkawarin baki, sannan tun kafin mota ta tashi ya gaya wa direba cewa tukwicinsa yana kan bin hanya ne. Da na koma Ulanbator na rubuta wa kamfanin waɗannan ƙorafe-ƙorafe biyu, suka mayar mini da kuɗin abinci ba tare da gardama ba, amma a kan maganar direban ba su ce komai ba.